Laifin Wane Ne? Magana A Kan Gadon Jini

Hausawa su kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Su kan kuma ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Magana ta fari tana nuna ɗa ya kan ɗauko iyayensa, ta biyu kuwa tana nuna wani lokaci ya kan fito dabam da su. Dukansu biyu gaskiya ne, kowa ya gani da idonsa. Baƙin mutum da baƙar mace su kan haifi zabiya. Miji lafiyayye da mata lafiyayya su kan haifi yaro mai amosanin jini, watau ciwon da a ke ce da shi sikila yanzu, yaron da hannuwansa da ƙafafunsa su kan kumbura tun bai yi shekara ba, idonsa ya yi rawaya, ƙasusuwansa su riƙa sara da dare har gidan duka ba mai barci.

Sa'anda wannan ya faru, tambayar da ta kan fara fitowa daga bakin dangi ita ce, laifin wane ne? Sau da yawa kuwa a kan matar a ke ɗora shi. Waɗansu su ce daga gidansu ta kwaso, waɗansu su ce wabi ta ke yi, waɗansu su ce sammu ne. Aure nawa ya mutu a kan wannan magana, Allah kaɗai ya sani. Domin wannan muna so mu duba tambayar a hankali. Amsarmu ita ce, ba mai laifi a kan abin da ya gāda, amma kowa yana da alhakin abin da ya yi da sanin da ya samu. Kafin mu kai ga wannan, sai mu fara gane yadda gado ya ke tafiya cikin jiki.

Abin Da Wake Ya Koya Mana

Mutumin da ya fara gane ka'idar gado wani fada ne mai zaman zuhudu, sunansa Gregor Mendel. Yana zaune a birnin Brno, wanda ya ke cikin ƙasar Cek a yau. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta shuka wani irin wake na Turai a lambun gidansu, yana ɗaukar garin furen wannan yana sa wa wancan, yana ƙidaya abin da ya fito.

Ya haɗa dogon wake da gajere, 'ya'yan duka suka fito dogaye. Wani zai ce gajarta ta ɓace ke nan. Amma da ya bar dogayen nan suka yi 'ya'ya, sai ga 787 dogaye, 277 gajeru. Ya gwada da launin ƙwaya, ya sami 6,022 masu ruwan ɗorawa, 2,001 kore. Kowane hali ya gwada, lissafin ɗaya ne, watau uku bisa ɗaya.

Daga nan ya gane abu uku. Na ɗaya, kowane hali yana da ƙwayar gado biyu cikin jiki, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Na biyu, ƙwayoyin nan ba su narkewa su gauraye kamar nono da ruwa. Wata ta kan rufe wata, amma wadda aka rufe tana nan daram, tana jiran ranar da za ta gamu da 'yar'uwarta. Na uku, sa'anda za a yi haifuwa, kowane mahaifi ɗaya tak ya ke bayarwa cikin biyunsa, ba kuwa shi ke zaɓa ba.

Mendel ya buga wannan a 1866, ba wanda ya kula. Ya rasu a 1884, sai a 1900 masana suka tono aikinsa suka ga gaskiya ne. Yau mun sani ƙwayoyin gado na mutum wajen 20,000 ne, suna jere a kan zaruruwa 46, uba ya ba da 23, uwa ta ba da 23. Mun kuma sani cewa daga rabon uba ne a ke samun abin da ya ke sa jariri ya zama namiji ko mace. Mai fushi da matarsa domin tana haifan 'ya'ya mata ya riƙe wannan.

Ƙoƙo Biyu Da Tsakuwa Huɗu

Yanzu bari mu koma kan amosanin jini. Jajayen ƙwayoyin da ke cikin jininmu kewayayyu ne kamar faifai, masu taushi, suna wucewa cikin ƙananan jijiyoyi ba wuya, kowace ta kan yi kwana wajen 120. Na mai sikila kuwa su kan lanƙwashe kamar lauje, su taurare, su toshe hanya, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Toshewar ita ce ta ke kawo zafin ciwo, mutuwarsu da wuri kuwa ita ce ta ke kawo ƙarancin jini. Wani likita a Shikago ta Amurka, James Herrick, shi ya fara bayyana siffar nan ta lauje a 1910, a 1949 kuwa aka tabbatar ciwon yana bin ka'idar Mendel sak.

Likitoci suna kiran ƙwayar da aka saba da ita A, ta lauje kuwa S. Mai AA ba shi da ita. Mai SS ya karɓa daga uba ya kuma karɓa daga uwa, shi ne mai ciwon. Mai AS yana da ɗaya kaɗai, lafiyarsa ƙalau, yana noma yana dako kamar kowa, ya kan tsufa bai san yana ɗauke da kome ba. Akwai kuma wata da a ke kira C, ta fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, idan ta gamu da S ita ma ta kan kawo ciwo.

A ce miji AS ne, mata AS ce. Ku ɗauki ƙoƙo biyu, ku sa farar tsakuwa ɗaya da baƙa ɗaya cikin kowanne. Ku rufe ido, ku ɗauki ɗaya daga wannan, ɗaya daga wancan. Hanya huɗu ce: fara da fara, fara da baƙa, baƙa da fara, baƙa da baƙa. Haka ya ke ga kowane ciki. Hanya ɗaya cikin huɗu AA ce, biyu AS, ɗaya SS.

A nan mutane da yawa su kan yi kuskure. Su kan ce, to, mu haifi uku mu tsaya, na huɗun ne mai ciwo. Ba haka ba ne, gama kowane ciki sabon ɗauka ne, tsakuwa kuwa ba ta tuna abin da ya fito bara. Wani gida 'ya'ya biyar su fito ba mai ciwo, wani gida na fari da na biyu duka su zo da shi. Idan aka lissafa gidaje irin wannan masu 'ya'ya hurhuɗu, wajen gida ɗaya ne cikin uku ya ke tsira gaba ɗaya.

Ku lura da abu ɗaya. Yaro ba ya zama SS sai ƙoƙo biyu sun ba da baƙa. Mijin da ya ce matarsa ce ta kawo ciwo gidansa, rabin gaskiya ya faɗa, ya ɓoye rabin da ke cikin jininsa.

Lissafin Gari Duka

Abin da muka faɗa na gida ɗaya ne. Amma akwai lissafin da ya shafi al'umma duka. A 1908 mutum biyu, G. H. Hardy malamin lissafi a Ingila, da Wilhelm Weinberg likita a Jamus, kowa a wurinsa, suka nuna cewa yawan kowace ƙwayar gado cikin jama'a ba ya ƙaruwa ko raguwa haka kawai daga tsara zuwa tsara. Wadda ta ke rufe 'yar'uwarta ba ta cinye ta, wadda aka rufe ba ta ƙarewa. Yawansu yana nan yadda ya ke sai idan wani abu ya tura shi, kamar mutuwa mai zaɓe, ko ƙaurar jama'a.

Da wannan za mu iya auna ƙasarmu. A Nijeriya wajen mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Idan ana aure ba gwaji, aure ɗaya cikin 16 zai haɗa AS da AS. Tun da ya ke ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu SS ne, jariri ɗaya cikin 64 zai zo da ciwon. Abin da likitoci suka ƙidaya bai yi nisa da wannan ba, watau wajen 2 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa jarirai wajen 150,000 a ke haifa da shi kowace shekara a Nijeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Bari mu ƙara mataki ɗaya. Cikin jarirai 1,000, a ce 20 SS ne, 240 AS. Ƙwayar S da ke jikin marasa lafiya 40 ce, gama kowa yana da biyu. Wadda ke jikin lafiyayyu kuwa 240 ce. Ashe shida cikin bakwai na wannan gado yana jikin mutanen da ba su taɓa kwanciya dominsa ba. Suna cikin kowace zuriya, gidan sarki da gidan talaka, masu wa'azi da masu sauraro. Wanda ya ce zai nemo wa ɗansa mata daga gidan da ba su da wannan jini, da ido ya ke dubawa, ido kuwa ba ya ganinsa. Gaskiya ne auren zumunci ya kan ƙara haɗa ƙwayoyi iri ɗaya, gama 'ya'yan wa da ƙane suna tarayya cikin kashi ɗaya bisa takwas na gadonsu. Amma ga sikila, auren bare ma bai isa kariya ba, tun da baren ma ɗaya ne cikin huɗu.

Don Me Ya Yi Yawa Haka?

Mai tunani zai tambaya, idan yara masu SS suna mutuwa tun suna ƙanana, kamar yadda ya ke a zamanin kakanninmu, don me ƙwayar ba ta ƙare ba tuntuni? Wani likita mai suna Anthony Allison ya ba da amsa a 1954, bayan ya auna jinin mutane a Gabashin Afirka. Ya ga S ta fi yawa a inda zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani, ya kuma ga zazzaɓin ba ya cin masu AS kamar yadda ya ke cin masu AA. Mai AS ya kan kamu da zazzaɓi, amma irin mai kisan nan ba safai ya ke kai shi kabari ba.

An ga wannan a ƙasar Hausa ma. Cikin shekarun 1970 gwamnatin Nijeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka yi babban bincike a kan zazzaɓi a ƙasar Garki, wadda ta ke cikin Jihar Jigawa yanzu. Cikin jarirai sababbin haifuwa an sami AS 24 bisa 100, amma cikin waɗanda suka wuce shekara 5 an sami 29 bisa 100, alama ce masu AS sun fi tsallake shekarun ƙuruciya. Masu SS kuwa 2 ne bisa 100 ran haifuwa, amma da ƙyar a ke samun ɗaya cikin manya. Ba mu ce kowane ɗan wabi mai sikila ba ne, amma babu shakka uwaye da yawa da aka yi wa gorin wabi, wannan ne ya cinye 'ya'yansu.

Ma'auni ne mai kwano biyu. Sikila tana rage S ta gefe ɗaya, sauro yana rage A ta ɗaya gefen, sai abin ya tsaya a tsakiya. Saboda haka S ba tabon zuriya ba ce. Garkuwa ce da ta tsirad da kakanninmu da yawa, tsadarta kuwa a kan jikokin da suka karɓi biyu ta faɗa. Da yawa cikinmu muna raye yau domin wani kaka mai AS ya tsallake daminar da ta kwashe 'yan'uwansa.

To, Ina Laifin Ya Ke?

Laifi yana bukatar sani da nufi. Ba wanda ya zaɓi iyayensa, ba wanda ya zaɓi tsakuwar da ya miƙa wa ɗansa. Iyayen da suka yi aure ba su san jininsu ba, ba su yi wa kowa mugunta ba. Masu karatu sun san labarin mutumin da aka haifa makaho, cikin Yohanna sura 9, da yadda Ubangiji ya ƙi ɗora laifin a kansa ko a kan iyayensa. Abin da lambun Mendel ya nuna bai saɓa wa wannan ba.

Amma da sani ya shigo, alhaki ya shigo tare da shi. Yau gwajin jini yana samuwa a asibitoci da yawa, ikilisiyoyi da dama suna neman takardarsa, Jihar Kano ma ta yi doka a 2024 cewa sai an yi gwaji kafin aure. Saurayin da ya san shi AS ne ya ce wa yarinya shi AA ne, ya yi ƙarya a kan ran yaron da ba a haifa ba tukuna. Wanda ya sayi takardar jabu, da wanda ya rubuta masa, laifinsu ɗaya. Mijin da ya saki matarsa ya bar ta da jinya ita kaɗai, ya gudu daga kayan da rabinsa nasa ne. Waɗannan su ne masu laifi na gaske.

Tambaya Mai Wuya

Saura magana ɗaya wadda dattawan Ekklesiya su kan sha wuya a kanta. Saurayi da budurwa sun gwada, dukansu AS ne, sun ji bayani, suka ce duk da haka suna so. A hana su, ko a ɗaura?

Masu cewa a hana suna da hujja mai nauyi. Su kan ce wanda zai sha zafin ba ya wurin, ba shi da bakin magana, wajibi ne wani ya tsaya masa. Wanda ya taɓa kwana a gefen gadon yaro mai wannan ciwo ba zai rena maganarsu ba, mu ma ba mu rena ta ba. Domin wannan muna cewa kada mai ba da shawara ya sassauta gaskiya. Ya faɗi lissafin kamar yadda ya ke, ya faɗi kuɗin magani da kwanan asibiti, ya haɗa su da iyayen da suka ɗanɗana idan sun yarda. Idan ya ga rabuwa ta fi, ya faɗa a fili. Kada kuma kowa ya ce musu bangaskiya za ta juya S ta koma A, gama ba a ba mu wannan alkawari ba.

Duk da haka muna ganin hukunci na ƙarshe nasu ne su biyu. Dalilinmu na ɗaya, tilas ta kan haifi ƙarya. Inda aka ce takarda ce za ta hana aure, can a ke samun kasuwar takardun jabu, ko kuwa yaran su tafi su zauna tare ba aure. Na biyu, duniya ta riga ta ga inda hanyar tilas ta ke kaiwa. A 1933 gwamnatin Hitila a Jamus ta yi dokar tsabtace zuriya, aka yi wa mutum wajen 400,000 aikin hana haifuwa ƙarfi da yaji. Ba mu kwatanta dattawanmu da su ba, amma ran da aka fara auna darajar mutum da jininsa, wuyar tsayawa gare ta. Na uku, akwai wata hanya. A tsibirin Kubrus, inda wani ciwon jini na gado ya yi yawa, tun 1983 Ekklesiyar ƙasar ba ta ɗaura aure sai an kawo shaidar cewa an yi gwaji an ji bayani, amma ba ta hana kowa saboda abin da gwajin ya nuna. Ta tilasta sani, ta bar zaɓi. Wannan ya yi daidai a ganinmu.

Mu kuma tuna masu SS suna zaune tare da mu, suna jin yadda mu ke magana. Kada bakinmu ya sa su ji kamar kuskure ne aka haife su. Mai SS da ya auri mai AA ba zai haifi SS ko ɗaya ba, 'ya'yansu duka AS ne, saboda haka ba dalilin hana shi aure. Ciwon kuma ba hukuncin mutuwa ba ne kamar dā. A Ingila da Amurka fiye da 9 cikin 10 na yaran nan suna kai girma, ta wurin gano ciwon da wuri, da allurar rigakafi, da shan fenisilin kullum, da wani magani da a ke kira hydroxyurea. A ƙasarmu sai a ƙara da gidan sauro da maganin zazzaɓi da yawan shan ruwa.

Abin Da Ya Wajaba A Kanmu

Na ɗaya, a gwada yara tun suna ƙanana. Gwajin da aka yi bayan an kai kayan gaisuwa an sa rana ya makara, gama a lokacin zuciya ta riga ta tafi, kunya kuma ta ɗaure dangi. Wanda ya san jininsa tun yana makaranta zai yi tambaya kafin ƙauna ta yi saiwa.

Na biyu, a maimaita gwaji a wuri biyu, gama ɗakin gwaji ma ya kan yi kuskure. Mijin da aka ce masa shi AA ne, sa'an nan aka haifa masa mai ciwo, kada ya yi saurin zargin matarsa. Ya koma a sāke gwada shi tukuna.

Na uku, mai ba da shawara ya riƙe asiri. Sakamakon jinin mutum ba abin sanarwa ba ne.

Na huɗu, kada mu yi tsammani za mu share wannan gado cikin tsara ɗaya. Mai AS da ya auri mai AA, rabin 'ya'yansu AS ne bisa lissafi, su ma sai sun gwada, jikokinsu ma haka. Aikin na kowace tsara ne.

Na biyar, mu ɗauki kayan tare. Gidan da ke da mai ciwo yana bukatar mai ba da jini, da mai kwana a asibiti domin uwar ta runtsa, da mai taimako da kuɗin magani. Tun da shi ke ɗaya cikin huɗunmu yana ɗauke da tsakuwar nan, abin da ya faɗa wa gidan maƙwabci yau yana iya faɗa wa gidan jikanmu gobe. 'Yan'uwa, idan muka ji an haifi irin wannan yaro a unguwarmu, bari mu bar tambayar laifin wane ne, mu je mu tambayi iyayensa abin da su ke bukata.